Mai Askin da Ya Koyi Yin Shiru

Shekara talatin da takwas ya yi yana aski a shago ɗaya, a ƙarƙashin benen da ke kallon tashar mota, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa ganin bakinsa a rufe. Shi ya sa aka laƙaba masa suna Rediyo. Da ka zauna a kujerarsa ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to an kama tasha: labarin ƙwallo, labarin siyasa, da tarihin sumarka tun kafin furfura ta fara leƙowa. Shi zai yi tambaya, shi zai ba da amsa, sannan ya yaba maka cewa ka iya hira. A wurin kawunsa ya gaji sana'ar, tare da almakashi biyu da wani ƙaton madubi da ya cinye rabin bango.

Allah da ikonsa, sai ga jikansa na fari, ɗan 'yarsa, ya kai shekara biyar bai kama magana ba. Likita ya tabbatar kunnensa lafiya lau. Yana ji, yana fahimta, amma kalma ba ta fita, kuma ba ya jure a dube shi ido cikin ido. Da an tsura masa ido sai ya sunkuyar da kai ya toshe kunnuwansa. Rediyo bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Abokina.

Da uwar ta kai shi makarantar unguwa, shugabar makarantar ba ta ɓoye mata komai ba. Aji ɗaya yara arba'in ne, malama ɗaya. Idan yaron zai iya faɗin bukatarsa da bakinsa, ko da ruwa ne ko banɗaki, za a ɗauke shi. Ta ba su mako shida. Idan bai iya ba, sai baɗi, wato wata shekara ke nan ta tsayuwa a taga yana kallon tsaransa suna wucewa da jakunkunansu.

Ranar Asabar da hantsi wata malamar koyar da magana ta zo gidan daga cibiyar yara masu bukata ta musamman. Ta zauna a gefe da ɗan littafinta, ta yi rabin awa tana lura tana rubutu. Can yaron ya dubi kofi. Kafin ya ɗaga hannu Rediyo ya zabura.

"Ruwa kake so, Abokina? Ruwa ne! Mai sanyi ko marar sanyi? Mai sanyi! A kawo masa, ku kuwa me kuke jira?"

Malamar ta rufe littafin tana murmushi. "Baba, a rabin awa kun yi masa tambaya ashirin da uku, kun kuma amsa ashirin da uku."

"To laifi ne don na san zuciyar abokina?"

"Ba laifi ba ne, ƙauna ce. Amma idan kullum ruwa na zuwa kafin ya nema, yaushe zai nema? Daga yau tambaya ɗaya, sannan shiru. Ku ƙirga goma a zuci kafin ku sake buɗe baki."

"Goma! Ni da uwar 'ya'yana ke cewa ko a barci surutu nake?"

"Ashe ma ka sani, Baba," in ji 'yarsa, tana dariya tana share ido.

Mutum ne mai zuciyar abin da ya sa a gaba. Washegari ya fara gwaji a kan masu zuwa aski. Ya tambayi wani tsohon direba yadda za a yi masa, sannan ya tsuke baki yana ƙirga, har jijiyar wuyansa ta tashi. Direban ya waiwayo a tsorace.

"Rediyo, an ɗauke wuta ne, ko batir ne ya mutu?"

"Gyara zamanka, malam, aikin asibiti nake."

Mako uku suka wuce. An rage surutu a gida, an zauna da yaron gaba da gaba ana nuna masa katuna masu hotuna kamar yadda malamar ta koyar, amma da an fuskance shi sai ya kau da kai. Uwar ta fara rama.

Wata Laraba da safe aiki ya riƙe ta, sai ta ajiye yaron a shagon. Babu kowa, kilifar aski a kashe. Yaron ya haye kujerar aski da kansa. Rediyo, bisa sabo, ya zagaya bayansa ya tsaya, kamar yadda yake tsayawa a bayan kowane kai. Da ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Yaron yana kallon bakinsa a cikin madubin, ƙur, bai sunkuya ba, bai toshe kunne ba.

A hankali Rediyo ya ɗaga mataji. "Mene ne wannan?" Ya ciji leɓe ya fara ƙirga. A na bakwai leɓen yaron ya motsa. Goma ta cika, amma mai askin ya daure ya ƙara.

"Ta... ji."

Wai! Rediyo bai san lokacin da ya fita titi da mataji a hannu ba. Ya gaya wa mai gyaran takalmi, ya gaya wa masu jiran mota, ya rungumi wani bawan Allah da bai taɓa gani ba. Sannan ya buga wa malamar waya, yana magana kalma na hawa kan kalma. Da ta zo ta gani da idonta, sai ta dafa kai. Ta ce ita ma tana da ɗan madubi a jaka, amma kullum a gabansa take zama. A cikin madubi yaron yana ganin baki ba tare da an danne shi da ido ba.

"Baba, kun gano abin da ban gano ba."

"Sana'a ce, 'yata. Mu masu aski ta ƙeya muke sanin mutum."

Daga ranar, kowace safiya kafin a buɗe shago, kaka da jika suna gaban madubi. Kalma ɗaya, biyu, har suka kai tara.

Ranar alkawari ta zo. Shugabar makarantar ta zauna a bayan teburinta, ta duƙo da fara'a, ta dubi yaron cikin ido. Nan take ya toshe kunnuwansa. Ta sake gwadawa, ya ƙara nutsewa cikin kujera. Uwar ta runtse ido. Shugabar ta fara rufe fayil.

"To, baɗi idan Allah ya kai mu..."

"Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya," in ji Rediyo. Ya zaro madubin hannu daga jakarsa, wanda yake nuna wa mutane ƙeyarsu da shi, ya riƙe a gaban yaron. "Ki taso ki tsaya a bayansa. Tambaya ɗaya, sannan shiru."

Ta dube shi, ta dubi uwar, sannan ta taso. Ta ɗaga gorar ruwa yadda zai gani a madubin. "Me kake so?"

Ofishin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Amsar tana cin harshen Rediyo, amma ya haɗiye ta. Yatsun yaron suka sauko daga kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya.

"Ru... wa."

Ta ba shi ya sha. Ta sake ɗaga gorar. "In ƙara?"

"A'a."

Shugabar ta fashe da dariya, uwar ta fashe da kuka, Rediyo kuwa ya haɗa duka biyun. Aka buɗe fayil aka rubuta suna, aka kira malamar aji aka nuna mata inda za ta riƙa tsayawa, aka amince a kafa ɗan madubi a gefen teburinsa.

Ranar Litinin kakan ne ya raka shi har ƙofar makaranta. Murna ta kwance masa baki, ya manta da ƙirga, ya shiga jero gargaɗi: kada ya cire takalmi, kada ya bar jakarsa, ya gaida malama, ya ci abincinsa duka. Yaron ya tsaya yana kallon gilashin ƙofa, inda inuwar kakansa ke ta motsa baki.

"Kaka," ya ce. "Tafi."

Rediyo ya daskare. Kalma biyu a jere! Ya juya ya nufi shago kusan da gudu, yana tare duk wanda ya gamu da shi a hanya.

"Ku taya ni murna, jama'a! Kora ta ya yi! Wallahi da bakinsa ya kore ni!"