Tafiya Gwiwa da Kwamfutar da Ta Ƙi Farkawa

Babura

Ƙamshin soyen naman ragon suna na nan a tsakar gida lokacin da na fito, ana idar da sallar Asuba. An ɗaura mini ƙullin naman a baƙar leda, na rataya jakar kwamfuta a kafaɗa, Mustapha ya rako ni tasha da fitilar waya.

Mustapha ɗan Goggo Hajara ne, ƙanwar mahaifinmu. Jiya aka yi sunan ɗansa na fari, ita kuwa tana Gwiwa cikin takaba, ba halin fita. An sa wa yaron sunan marigayi mijinta, Malam Haruna, kuma Mustapha ya hana kowa faɗa mata a waya. So yake ta ji daga bakin liman, ta ga taron da idonta. Mai ɗaukar bidiyo ya juye komai a kwamfutar da na aro wajen Yaya Sani, ya goge katin kyamararsa a gabana domin yana da biki a Nijar. Ke nan duk duniya bidiyon nan a jakata kaɗai yake.

Kafin in kwanta na cika batir, na tsayar da bidiyon daidai inda liman ya ɗaga hannu, sannan na sa kwamfutar a dogon barcin nan da ake kira haibanet, wanda in ta farka take komawa inda aka bar ta. A raina na riga na tsara komai: in zauna gaban Goggo, in ɗaga murfi, sunan ya fito kamar an buɗe taga.

Kanya Babba

Mu huɗu ne a bayan motar, ga buhun gero a but, ma'ajiyar kaya, yana danne ta. Rana na fitowa muka tsaya a Kanya Babba za a sauke wata mata. Da direba ya kashe inji sai na ji wani siririn sauti a cinyata, kamar sauro a cikin kwalba. Na taɓa jakar na ji ta da zafi.

Dattijon da ke gefena ya tambaya ko ɗumame na ɗauko, a sam masa. Na yi murmushin dole, na zuge zif. Fankar kwamfutar na ta juyawa, allo baƙi wuluk. Ina kallo ƙaramar fitilar gefe ta yi ja, ta ƙifta, ta mutu. Na danna maɓalli, shiru. Daga nan har Kazaure ban ga gona ko ɗaya ba, ni da nake son kujerar taga saboda kallon dawa in ta fitar da kai. Bini-bini sai in sake dannawa.

Kazaure

Gidanmu na nan cikin gari, amma ban biya ba, don na san Umma za ta ce in bari sai gobe. Na wuce rumfar wani mai gyaran waya kusa da tasha. Ya jona caja a janareto, muka jira. Ta kunna, ta nuna tambarinta, ta rubuta cewa tana komawa inda ta tsaya, 'yan ɗige-ɗigen jiran nan suka yi ta zagaye, sai allo ya sake duhu. Haka ta yi ta maimaitawa. Na zauna, na tashi, na sayi ruwan leda na manta shi a kan benci.

Mai gyaran ya ce shi dai magani ɗaya ya sani, a wanke ta tas a zuba mata sabon tsari, zuwa Azahar ya gama. Na tambaye shi abin da ke ciki fa.

"Hajiya, wanki ai wanki ne. Ba ya zaɓe."

Na zare cajata na yi masa godiya. Na kira Yaya Sani, waya a kashe, na tuna yana aji har tsakar rana. Na tsaya bakin titi da jaka a ƙirji, ban san gabas zan yi ko yamma ba. Sai na tuna Rabi, ƙawata tun sakandare, tana aure a Roni kuma suna da wutar sola. Na hau acaba.

Roni

Rabi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ɗanwake da ƙwai. Ta ce tun muna makaranta haka nake, abin da kowa zai yi a sauƙaƙe ni sai na yi masa ado. Na ci loma biyu, idona na kan soket.

Ana kiran Azahar Yaya ya kira. Da ya gama jin bayani sai ya tambayi ina linzamin, wato ɗan abin nan marar waya da ake tura kibiya da shi. Na ce yana cikin jaka. Ya ce a kunne? Na duba, a kunne, ɗan makullin da ke haɗa shi da kwamfutar kuma na maƙale a jikinta.

"To ke kika hana ta barci, Malama. Duk ramin da kuka faɗa sai ya motsa ya tashe ta."

Ya ce tana farkawa a cikin jaka ba iska, ta yi zafi, batir ya ƙare tana tsakiyar komawa barci, shi ya sa ta rikice, ba ta san inda za ta koma ba. Ya sa na zare makullin, na cire caja, na zame batir daga ƙasa. Sannan ya ce in danne maɓallin kunnawa kada in ɗaga sai ya ce. Na tambaye shi ko bidiyon zai tafi. Ya ce wurin da na tsayar zai tafi, bidiyon kuwa yana kyautata zaton yana nan. Na yi Bismillah. Na danne, Rabi na tsaye a kaina da ludayi a hannu.

Na mayar da batir, na jona, na kunna. Ta fito da wata tambaya a allo, na karanta masa, ya ce in zaɓi ta tashi sabuwa, ta manta barcin. Sai ga allo ya yi haske, ga bidiyon a kusurwa inda aka ajiye shi. Na kifa kaina a gwiwa na daɗe ban ɗago ba. Yaya ya ce in ta yi caji in kashe ta gaba ɗaya, kuma kada ya ƙara jin na lulluɓe masa kwamfuta kusa da naman suna.

Hadari ya fara haɗowa, ban iya jira ta cika ba. Da ta kai rabi na kashe ta, na kashe linzamin na jefa a aljihu.

Gwiwa

Ɗan acaban ya ce zai kai ni kafin ruwa in ban damu da gudu ba. Na ce ban damu ba, na yi ta addu'a a bayansa. Mun shiga gari bayan La'asar, ana yayyafi.

Na tarar da Goggo a ɗakinta kan darduma, ba kwalli ba ɗankunne, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa naman. Matan gidan suka cika ƙofa. Babu taga da ta buɗe kamar yadda na tsara. Sai da na yi ta jan bidiyon gaba da baya, muka wuce masu shimfiɗa tabarmi da masu rabon goro, kafin na samo liman. Ya ɗaga hannu, ya faɗi sunan.

Goggo ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba, yau ma ba ta kira ba.

"Mai sunan Malam," ta ce a hankali. "Maimaita mini, 'yar nan."

Na maimaita. Ta sa na tsayar a fuskar jaririn, ta matso har numfashinta na taɓa allo. Batir ya mutu kafin mu kai taron mata na yamma, ta ce ba komai, ta ga abin da za ta gani.

Gida

Na kwana a ɗakinta, da safe na hau motar kasuwa zuwa Kazaure. Umma ta yi faɗan wucewa da na yi ban shigo ba, sannan ta zuba mini koko. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Rabi da solarta, da Yaya duk da tsiyarsa.

Sai da yaron ya fara tafiya, a wani bikin dangi, matar da ke ɗaki kusa da na Goggo ta faɗa mini. Tun safiyar suna, kafin a gama feɗe rago, wata maƙwabciya da ba ta san da shirin Mustapha ba ta shigo yi mata barka, ta faɗi sunan. Da Goggo ta ji ina hanya da kwamfuta, sai ta tara matan gidan ta ce duk wadda ta nuna mini an sani, ita da ita.