Wasiƙun Yaya Hajara da aka shanye

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Yaya Hajara, kuma da za ta leƙo unguwarmu Karantina yau, na san tsaki za ta fara ja kafin ta yi sallama.

Ni ce ƙanwarta, Asabe. Lokacin yaƙin Hitila tana nas a asibitin sojoji a Kasala ta ƙasar Sudan, mu kuwa mun riga mun ƙetaro Jidda. Duk alhajin da zai hau jirgin ruwa sai ta ba shi wasiƙa ya kawo gida, da ajami, da tawadar allo, don ita ta fi samuwa. Ba ta ɓata takarda wajen doguwar gaisuwa. Maganarta ɗaya ce: ƙazanta ta fi harsashi cin sojoji. A tafasa ruwa, a buɗe taga, a wanke hannu. Da ta biyo mu bayan yaƙi ta kama aiki a wani asibitin alhazai, ta yi ta fama da manyansa har aka raba masu gudawa da sauran majinyata. A unguwa kuwa Hajara mai ƙyama suke ce mata, don ba ta shan ruwan garwa sai ya ga wuta.

Sai da ta mutu suka gano waliyyiya ce. Akwatin wasiƙun yana ɗakin Ladi, matar yayanmu. Duk yaron da cikinsa ya ɓaci, sai Ladi ta zaro ɗaya ta wanke a ƙwarya, kamar rubutun malam, a ɗura masa. Da wane ruwa? Da ruwan garwan nan da takardar ke cewa a tafasa! Rashin sani, kaza ta kwana kan dami da yunwa. Kafin labari ya iso ni saura guda ɗaya, na ƙwace ta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Watan jiya Ladi ta shigo mini da jikarta Bilkisu a kafaɗa. Gudawa ta tsotse yarinyar, idanu sun faɗa.

"Asabe, ki ba ni ta ƙarshen nan mu wanke mata. Halas, shi ke nan, ba zan ƙara roƙonki ba."

Na ce, "Yaya Ladi, zauna in karanta miki abin da ke ciki."

"Karatun me? Ai albarkar tana cikin tawada."

Ban tsaya musu ba. Na karɓe yarinyar, na tari tasi, muka yi asibiti, aka sa mata ruwa. Ta tashi. Ladi kuwa ta daina amsa gaisuwata, tana bin gidaje wai na yi wa jinina rowar albarkar mamaciya. Ta daɗe ba ta faɗa ba.

Me ya rage na Yaya? Babu hotonta, asibitin ma ba mai tuna sunanta. Ilimin da ta tara a tsakanin gawawwakin sojoji, dangi sun kurɓe shi sun yi gyatsa, ba su ƙaru da ko harafi ba.

Amma shekaranjiya uwar Bilkisu ta zo a ɓoye, don kada surukarta ta gani. Ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki karanta mini, a hankali, in haddace." Na buɗe takardar. Tun da Yaya ta rasu, ita ce ta farko da ta zo da kunne, ba da ƙwarya ba.