Kaset ɗin da Ghali Bai Ƙarasa wa Raliya Ba

Ni da Ghali wanzami ɗaya ne ya yi mana kaciya, a ƙauyenmu na bakin fadamar Haɗeja. Tare muka yi kiwon agwagin kakarsa, tare muka sha bulala idan sun faɗa shinkafar mutane. Kuma jirgi ɗaya ya kawo mu Doha, kafin shekarar wasannin Asiya. Shi ya zama direban wani gida a Madinat Khalifa, ni kuma mai gadin wani shagon kayan gini a Al Asmakh.

Mutum ne siriri, mai saurin dariya, mai ƙin a taɓa masa hula. A gidan kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki, yake kwana, amma ranar Juma'a tawa ce. Da an sauko daga masallaci zai biyo ni ɗakina a Najma, mu sha shayin karak, ya ɗauko ƙaramar rikodarsa ya yi wa 'yarsa Raliya magana a kaset. Yarinyar ba ta cika goma ba. Duk mai tafiya gida, sai Ghali ya liƙa masa kaset.

Wata Juma'a ya shigo da littafin Turanci a aljihu. Uwar ɗakinsa ce ta ƙwace shi daga hannun ɗanta, ta ce bai dace da yara ba, a zubar. Ghali bai zubar ba. Wani mutumin Vietnam ne ya rubuta labarin ƙuruciyarsa a ƙauye.

"Nasidi, ka san me yaron nan yake kiwo?" in ji shi. "Agwagi! A cikin shinkafa!"

Na ce, "To mu da muka yi, kaji muka kiwata?"

Ya yi dariya ya ce, "Namu wa ya rubuta?"

Daga ranar ya ƙudurta sai ya mayar wa Raliya da littafin nan Hausa, babi babi, a kaset. Turancin Ghali na direba ne, nawa kuwa bai wuce na buɗe ƙofa ba. Shi ya sa ya hau bene ya kira Jesse, wani ɗan Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Jesse ya karanta, Ghali ya juya wa rikoda da Hausarmu. Ni aikina dafa shayi.

Ban ƙi Jesse ba, mutumin kirki ne. Amma a ɗakina, a kan katifata, a ranata, su biyu su haɗa kai kan takarda suna ƙyaƙyata abin da ban ji farkonsa ba. Idan na tambaya, sai Ghali ya ɗaga min hannu: rikoda tana juyawa. Har yaron littafin na ji haushinsa. Ghali yana cewa "mutumina" idan zai ambace shi. Ya san sunan kakar yaron, ya san irin kifin da suke gasawa, amma da na tuna masa ranar da ruwa ya tafi da takalminsa muka bi shi har gonar Dogara, cewa ya yi, "Yalla, Jesse, ci gaba."

"Malam Nasidi, shayin nan yau da yaji," in ji Jesse.

Na ce, "Citta ce."

"Cittar ko mai dafawar?"

Ghali ya faɗi kan katifa don dariya. Ni ban yi ba.

Raliya kuwa ta kamu. Uwarta ta ce yaran unguwa a tsakar gidansu suke taruwa idan sabon kaset ya iso.

Sai suka kai wani babi. Jesse yana cikin karatu ya rage murya, Ghali ya danna rikoda ta tsaya. Yaƙi ya zo ƙauyen, an tafi da uban yaron. Kullum yaron yana kora agwaginsa zuwa mashigin kogi inda kwale-kwale ke tsayawa, yana duba masu sauka. Uban bai dawo ba.

Ghali ya daɗe yana juya hularsa. Da ya buɗe baki, Jesse ya kalla.

"Kai da kake da yara uku, ka ga wannan ya dace da ita?"

Wannan ta shige ni. Ni na riƙe Raliya ranar sunanta. Ban jira a tambaye ni ba, na ce, "Yarinyar da ubanta ke bayan teku za ka gaya wa uba ya tafi bai dawo ba? Ai Balarabiyar nan ta fi ku hankali. Tsallake babin, khalas, shi ke nan."

Jesse ya ce, "Yara sun san tsoro tun kafin a ba su labari. Kuma yaron nan ya rayu, ya girma, har ya rubuta. Wannan ma abin ji ne."

"Naka suna Kafanchan da kakanninsu," na ce. "Ba kai za a kira tana kuka ba."

Ghali ya sa kaset ɗin a aljihu ya ce zai yi tunani. Juma'a ta zo ta wuce, ya ce bai gama tunani ba. Wata ta sake zuwa, ya ce kansa ke ciwo. Bayan nan, wata safiya yana wanke motar gidan, ya zauna a bakin taya bai ƙara tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. A nan Doha muka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Jesse ya tsaya can gefe har muka gama, idonsa ja.

Kayansa gare ni aka kawo: hula, rikoda, littafin, da kaset ɗin nan rabi babu komai.

Bayan sadakar arba'in na kira gidan Ghali. Uwar ta ba Raliya wayar.

"Baffa Nasidi, Baba bai ƙarasa min labarin mai agwagi ba."

Na ce, "Ai ya kusa ƙarewa, babu wani abu a gaba."

Ta ce, "Akwai. Baba ba ya tsayawa a tsakiyar labari sai in abin ba daɗi. Uban yaron ne, ko?"

Abin da na so kare ta daga ji, ya riga ya shigo mata gida da kansa.

Juma'ar da ta biyo na hau benen nan da littafi a hannu. Ƙafata ba ta so. Jesse ya buɗe ƙofa, ya dubi littafin, ya dube ni.

"Ni zan dafa shayin yau," ya ce.

Ya karanta, na juya. Muryata ba ta kai ta Ghali daɗi ba, kuma a wurin kwale-kwalen sai da muka tsayar da rikoda muka jira muryata ta dawo. Ban tsallake komai ba. Yaron ya daina zuwa mashigi, ya shiga makaranta, ya girma.

Da kaset ya isa, Raliya ta sa aka kira ni. Ta ce ta yi kuka, amma ta sake sawa. Ta ce in gaida Baffa Jesse. Baffa! Na ce zai ji.

Sai ta ce, "Baffa, Inna ta ce wai ku ma kun yi kiwon agwagi da Baba. Da gaske ne?"

Na ce da gaske ne.

"To ka sa min a kaset."

Na sayo sabo a shagon ƙasan gidanmu. Jesse ya leƙo ya ce ko ya zo ya taya ni. Na ce ya zo ya zauna, amma wannan ba shi da abin karantawa a ciki. Na fara da ranar takalmin.