Kitson da ban ƙarasa ba

Duk ranar da na ji ƙamshin man shanu a gashi, kakata nake tunawa. A kanta na koyi kitso, a ƙauyenmu na ƙasar Kurfai, ƙarƙashin rumfar kara. Takan kwantar da kai a cinyata tana yi mini tsiya, wai layukana sun fi hanyar awaki karkata.

Ni mai saurin fushi ce, kuma ita ta fara gano inda yake soma mini. Kafin zuciyata ta sani, yatsuna sun riga sun matse gashi. Sai ta dafa gwiwata ta ce, "Hannunki ya yi hushi, 'yar nan. Aje tsinken, ki sha ruwa." In na sha, ya wuce.

Ran nan, gab da damina, ina tsakar yi mata kitso sai 'yar baffana ta gifta ɗaure da zanen mahaifiyata mai rasuwa, wanda kaka ke ajiye mini. Ashe ara mata ta yi don zuwa suna. Ban tambaya ba. Na ji yatsuna suna ƙanƙancewa, na ji sarai. Kaka ta dafa gwiwata. "Sassauta, ki bari in gaya miki." Na ƙara ja, har furfura ta biyo hannuna. Ko wash ba ta ce ba. Na ture kanta na tashi, rabi a kitse, rabi a tsefe. Ranar kasuwa na bi mota zuwa Bonkuku wurin gwaggona, ko sallama ban yi wa kaka ba.

Gero ya fara fitar da kai aka aiko kaka ta rasu. Wata gwaggona da ta yi mata wanka ce ta faɗa mini sun tarar da kan yadda na bar shi. Kafin rasuwarta, duk wadda ta ce za ta ƙarasa mata, sai kaka ta gyara kallabi ta ce, "Mai shi tana zuwa."

Yau a Filinge nake, da kitso nake ci. 'Yan matan yanzu gashin kanti suke kawowa, wanda ba ya jin zafi. Amma in na ji yatsuna sun fara matsewa a kan 'yata, nakan ajiye tsinke in nemi ruwa. Tana tambaya me ya sa nake kuka don na sha ruwa.