Dakan Matar Maƙwabcina na Sama

Jama'a, abin nan da zan gaya muku ni ya faru da ni, wallahi ba jin labari na yi ba. Shekarun baya ne, ina sabon zuwa garin Greensboro na Amurka daga Maraɗi, Turancin bakina bai wuce gaisuwa da godiya ba. Na samu aikin dare a wani babban sito can wajen titin Wendover, ina tuƙa motar ɗaga kaya, in na tashi daga aiki da asuba sai in koma ɗakina na haya a ƙasan bene in kwanta har azahar. Barcin nan shi ne jarina, don duk wanda ya yi gyangyaɗi a kan motar nan to ya shiga uku.

Matsalata ɗaya, maƙwabcin sama. Kullum da hantsi, daidai lokacin da barci ya fara daɗi, sai a soma daka a kaina. Kada ku ce jan kujera ne ko injin wanki, ni a gindin turmi na girma, na san daka. Dum, sai tas, dum, sai tas, kamar yadda matan garinmu ke cilla taɓarya sama su tafa su cafe. Ranar farko har murmushi na yi, na ce ikon Allah, ashe a Amurka ma ana daka. Da aka yi ta yi, murmushin ya ƙare.

Maigidan na san shi a ido, wani dattijo ne Bajapane, ɗan siriri, mai dogara sanda. Na lura shi yakan fita zagayen safe alhali dakan na ci gaba, sai na ce to matarsa ce ita kaɗai a gida. Kun san tarbiyyarmu, ina ni ina buga ƙofar matar mutum mijinta ba ya nan? Haka na yi ta haƙuri ina cin raina, har wata rana na yi gyangyaɗi a wurin aiki na ture tarin kwalaye. Oganmu ya ce in na sake, in nemi wani aikin. Ga iyali a gida suna kallon hannuna. Gaskiya na tsorata ƙwarai.

Na kai kuka wajen Alhaji Mamman, dattijon da ya kama mini ɗakin, na ce ya raka ni ofishin masu gida ya yi mini tafinta. Ya ce, "Haba ɗana, maƙwabci ake kai wa complain tun ba a gaisa ba? Ka riƙa wani abu a hannu ka je ka same shi, ga waya nan tana fassara."

Na ƙunsa dambun nama, na haddace kalmar ban haƙuri guda ɗaya da Japananci, na tare dattijon a gindin bene yana dawowa. Na faɗi kalmar tawa, ya rusuna, na rusuna, ya sake rusunawa, har na rasa wa zai fara miƙewa. Shi ma ashe Turancinsa irin nawa ne. Na rubuta da Faransanci waya ta juya masa: ina gaida uwargida, ina roƙon alfarma ta riƙa yin dakan da yamma, ni ma'aikacin dare ne.

Ya karanta, ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kalle ni. Sai ya kama hannun rigata ya ja ni sama.

Na tuɓe takalmi na shiga da sallama. Ɗakin tsaf, shiru, gado ɗaya, kujera ɗaya. Babu turmi, babu taɓarya, babu ko zanen mace. A kan wani ɗan teburi ga hoton wata tsohuwa mai fara'a, an ajiye mata shinkafa a ƙaramin kwano. Da ya zo zuba mini shayi, butar ma da ƙyar ya ɗaga ta.

Muka yi ta miƙa wa juna waya. Ya ce matarsa ta rasu tun a Japan, daga baya ɗansa ya kawo shi nan, kuma kunnensa ya yi nauyi, shi bai taɓa jin komai ba. Ya tambaye ni me nake ji. Na rasa yadda zan rubuta, sai na buga teburin da dunƙulen hannu, na bi da tafi, na yi ta yi yadda nake jin sa kullum. Bawan Allah nan sai hawaye. Ya rubuta cewa sana'arsu ce a ƙauye, dakan wata shinkafa mai danƙo, shi yana saukar da taɓarya, ita tana jiƙa hannu tana juya shinkafar tsakanin bugu da bugu. Wato abin da na ɗauka tafi ne, hannunta ne. Tsigar jikina ta tashi, na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban tambayi wanda ke riƙe mata taɓarya yanzu ba, kuma har yau ba na so in sani.

Sai ya share ido, ya juya wajen hoton, ya yi magana a hankali da yarensu, irin muryar da mutum ke yi wa matarsa in zai ce baƙo na barci. Ya rusuna mata, ya rako ni har bakin bene.

Washegari na kwanta ina jiran hantsi. Ban farka ba sai azahar. Na yi salla, na ci abinci, na yi la'asar, ina ɗaura takalmin aiki, sai na ji daga sama: dum, tas. Innalillahi! Na zauna a bakin gado ina sauraro.

Haka abin ya koma yamma, bai sake taɓa mini safiya ba. Dattijon kuma ya ɗauki al'adar saukowa bayan la'asar ya zauna a kujerata yana kallon fuskata, in an fara in gyaɗa masa kai, sai ya lumshe ido. Tsoro nake ji, amma tausayinsa ya fi. Da ƙafarsa ta ƙi hawan bene, ɗansa ya zo ya tafi da shi gidansa a garin Summerfield, kuma tun daga ranar ban ƙara jin komai ba.

Na san mamaci ba ya dawowa, a kan haka na yi imani. Alhaji Mamman ya ce ƙila mutanen ɓoye ne, in riƙe azkar in bar tono. Allah ne masani. Abin da na sani, na nemi alfarma an yi mini, aikin nan ban rasa shi ba, da shi na kawo iyalina ƙasar nan, kuma ban san wa zan gode wa ba bayan Allah.

Shawarata gare ku, in maƙwabci ya dame ku, ku fara zuwa ku gaishe shi kafin ku kai ƙara. Amma kada ku yi gaggawar aika gaisuwa ga wanda ba ku taɓa gani da idonku ba, don wallahi wani lokaci saƙon yana isa.