Baƙon da ya zo neman muryar mahaifinsa

Da muka tashi daga unguwar Tandabawi muka koma Rusaifa, duk a nan birni mai tsarki, rikodar mahaifina na cikin kayan da Umma ta ƙi yarda a bari. Tsohuwar rikoda ce mai kama da ƙaramin akwati, da hannun ɗauka, da faifai biyu da zare ke naɗuwa daga ɗaya zuwa ɗaya. Tun rasuwarsa ba a kunna ta ba.

Wata rana bayan la'asar wani mutum ya yi sallama. Zai kai shekara hamsin, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce mahaifinsa abokin mahaifinmu ne, tare suke dafa wa alhazai shinkafa a Arfa, kuma an gaya masa muryarsa na cikin faya-fayanmu.

Umma ta amsa daga bayan labule. "Wa ya gaya maka?"

"Mutane, Hajiya."

"Waɗanne mutane?"

Bai faɗa ba. Ya san launin rikodar, amma bai san layin da muka zauna a Tandabawi ba. Umma ta ce ya dawo wani makon, ko shayi ba ta sa na kai masa ba.

A gidaje irin namu ba a son baƙon da ke tambayar tsofaffi. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, akwai waɗanda tasu ta daɗe da mutuwa. Umma ta ce sai mun fara ji da kunnenmu. Yayana ya kai rikodar wurin mai gyara aka canza mata roba, muka kunna. Sai ga mahaifina da abokansa suna hira, ana ta dariya, kowa na faɗin yadda ya biyo ta Chadi da Sudan, da wanda ya tsallakar da shi, suna kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan duk suna da jikoki a garin nan," in ji Umma. "Kashe."

Da mutumin ya dawo, ta yarda ya saurara, amma sai ya bar wayarsa a hannun yayana. Ya miƙa ba musu. Ni kuwa aljihun rigarsa nake ta kallo, ko akwai wata wayar a ciki. Faifai na juyawa, wani mai shaƙaƙƙiyar murya ya fara ba da labarin tukunyar da ta kife masa a Arfa. Baƙon ya ɗaga hannu.

"Shi ne," ya ce. Hawaye suka zubo masa har gemu.

Ya roƙi a ara masa faifan. Umma ta ce a'a. Ya yi godiya ya tafi, bai sake dawowa ba.

Sai da ya fita ta ce mini, "Mai wannan muryar na san shi. Bai taɓa haihuwa ba."

Na ce, "To kukan fa, Umma?"

"Kuka ai kowa ya iya."

Daga baya wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce tana jin mai muryar ya bar matarsa a Sudan kafin ya ƙetaro, ƙila da ciki. Na kawo wa Umma labarin da saurina. Ta ce, "Ƙila," ta ci gaba da tsince shinkafarta.