Alwalar Baba a Gandun Dabbobi

Ni ban roƙi kowa ya kai ni kallon dabbobi ba. Kamfanin gadin da nake wa aiki a Doha ne ya ga dama, wata shekara da sanyi, ya loda mu a bas daga unguwar Mu'aither zuwa gandun da ke can yamma, kusa da teku. Aka raba mana farar riga mai tambarin kamfani. Wai mu da ke tsaye tun safe har dare, mu ne muke bukatar tattaki.

A ɗakinmu akwai wani dattijo Bakatsine, Baba muke ce masa. Ciwon suga ya taɓa masa ƙafar dama, babban yatsa ya fara baƙi. Mu 'yan ɗaki mun sani, kamfani bai sani ba, don ranar da ya sani ranar za a soke masa biza, ga iyali a gida da ba su da kowa sai shi. Shi ya sa ko alwala a banɗaki yake yi, ya kulle ƙofa. Na ce masa ya ce zazzaɓi yake yi, kada ya zo. Ya ce mai zazzaɓi asibiti ake kai shi, a asibiti kuwa cire takalmi ake yi.

Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, ba itacen kirki, sai gajeriyar ciyawa da ruwan sama ya fito da ita. Mun ga bareyi suna tsalle. Mun ga wasu fararen dabbobi masu dogayen ƙahoni kamar mashi, sun ƙoshi har ba sa ɗaga kai su dubi mutum. Wata jimina ta bi mu da harara. Manajanmu na gaba da kyamara yana ta "Yalla, yalla!" wai mu yi sauri. Baba na can baya, yana taka ƙafar kamar ba komai, gumi na zuba masa cikin wannan sanyi. Jim kaɗan sai ya zagaya bayan dutse, don mai suga ba ya riƙe fitsari.

Da azahar motar kamfani ta same mu da katan-katan na ruwa. Manaja ya hau bayanta ya zauna yana cin burodi. Muka tsuguna alwala. Baba ya koma gefe ya tsaya a sahu.

Akwai wani Bazazzagi a ɗakin da ke kusa da namu, mai gemu, shi ya naɗa kansa limaminmu. Ustaz ake ce masa. Ya ɗago kai.

"Baba, ga ruwa."

"Da alwalata, Ustaz."

"Haba Baba. Duk zagayen bayan dutsen nan, bareyi kake gaisarwa?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya yi murmushi, ya wanke hannu da fuska, ya shafa kai, sannan ya shafa bayan takalminsa.

"A'a," in ji Ustaz. "Wannan kambas ne da safar auduga. Ba a shafa a kansu. Ga ruwa har ya yi yawa."

Na ce, "Ustaz, ja mana salla, rana na yi."

"Malam, kai za ka tsaya masa gobe kiyama? Dattijo kamar wannan ya yi salla ba tsarki ina gani? Baba, da girmanka, yara na kallo."

Nan ya kama shi. Da zaginsa ya yi, da Baba ya share. Amma mutum mai furfura, a ce a gaban jama'a yana wasa da salla? Ya zauna a ƙasa ya kwance igiyar takalmi. Safar ta manne, sai da ya jiƙa ta. Da ta fita warin ya riga kowa magana. Wani ya ce, "Subhanallahi!" da ƙarfin da ya sa manaja ya sauko ya zo gani.

Ya duba, ya toshe hanci, ya ɗauki hoto da wayarsa. Baba bai ɗago ba. Ya wanke ƙafar a natse, har tsakanin yatsu, yana cije leɓe. Ustaz ya ja salla da doguwar sura.

Da aka idar manaja ya dafa kafaɗar Baba, ya ce, "Khalas, ba sauran tafiya," ya buɗe masa gaban mota da hannunsa. Wani sakarai a cikinmu har cewa ya yi Baba ya yi sa'a. Mu muka ƙarasa tattakin. Aka nuna mana inda ake zuba wa dabbobin ciyawa da magani.

Ba a yi wata guda ba takardarsa ta fito. Likita ya ce bai dace da aiki ba, kamfani ya sayi tikiti. Ranar tafiya, kafin motar filin jirgi ta zo, Baba ya bi ɗaki-ɗaki da sanda yana sallama kamar yadda ake yi, yana cewa duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Ina riƙe da jakarsa muka isa ƙofar Ustaz.

"Ustaz, zan wuce. A yafe mini."

Ustaz ya kama hannunsa da hannu biyu, ya lumshe ido.

"Ba komai, Baba," ya ce. "Na yafe maka duniya da lahira."